Zare a Zangon Akra: Daga Kunkurun Masaƙi Zuwa Saƙar Kati

A bakin Bahaushe, zango shi ne wurin da ayari ke sauka in rana ta yi. A nan ake sauke wa jakuna kaya, a ɗora tukunya, a kwana, da asuba madugu ya ce a tashi. Unguwannin da ake kira Zango a ƙasar Gana, har da Nima da Mamobi na birnin Akra, daga irin wannan masauki suka samo suna. Kowa ya san abin da fatake suke zuwa nema a ƙasar Gwanja, watau goro. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne kayan da suke tahowa da shi daga gida domin su sayi goron. Akwai kanwa, da fatu, da dabbobi, amma babban kayan shi ne tufa. Da zare aka sayi goro, a kan wannan ciniki kuwa aka kafa zango.

Hanyar ta daɗe ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano cikin shekara ta 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta kuɗin tufar da ke fita daga Kano a shekara guda zai kai wuri miliyan 300 a ƙalla, ya kuma lura cewa aikin yana cikin gidajen mutane ne, kowane iyali da nasa, ba a tara ma'aikata cikin manyan masana'antu kamar yadda ake yi a Turai a lokacin ba. Mata su gurje auduga su fid da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Maza su yi wadari su saƙa ƙwarya ƙwarya. Sa'an nan a ɗinke, a kai marina a tsoma cikin baba, a kai wa mabuga su buga da shuni har ta riƙa walƙiya. A garin Kura, kudu da Kano, ana saƙa ƙwaryar turkudi wadda fāɗinta bai kai inci guda ba, a haɗa su da yawa da allura kafin a sami rawani ko mayafi. Mai karatu ya riƙe wannan siririyar ƙwarya ta Kura a zuciyarsa, gama za mu sake saduwa da 'yar'uwarta.

Ƙarshen hanyar a ƙarni na 19 shi ne Salaga, inda Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, suke kawo goro daga kurmi. Su ma Tonawan gwanayen saƙa ne. Baturen Ingila Thomas Bowdich, da ya je Kumasi a 1817, ya ba da labarin yadda suke sayen alharinin waje su warware shi zare zare, su sake saƙa shi bisa ga nasu fasali. Daga irin wannan aiki kente ya yi suna, a Bonwire wajen Tonawa, da Kpetoe da Agbozume wajen Ewe. A Daboya ta ƙasar Gwanja kuwa akwai masaƙa da ramukan rini masu kama da na Kano, ana kuma danganta shigowar rinin da baƙin Hausawa. Daga ƙwaryar irin ta arewa ake ɗinka rigar da ake kira fugu ko batakari, wadda Kwame Nkrumah ya sa a daren da ya shelanta 'yancin Gana, 6 ga Maris 1957.

Abu biyu suka karya Salaga. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Tonawa a kan arewa ya raunana, goro ya fara bin wasu kasuwanni kamar Kintampo da Atebubu. A 1892 kuma yaƙin sarauta ya tashi a Salaga kanta, baƙi suka watse. Waɗansu suka nufi Kete-Krachi, inda shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Waɗansu suka gangara bakin teku. Akra, wadda tsofaffi ke kira Ankara, ta riga ta zama babban birnin Gwalkwas tun 1877, akwai kuma Hausawa a can, waɗansunsu tsofaffin sojan da Kyaftin Glover ya ɗauko daga Ikko domin yaƙin 1874. Malam Naino, mutumin Katsina, ya kafa zango a tsakiyar gari wajen 1881. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta zo daga baya: a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo barikoki da aikin lada kusa da wurin, sai unguwa ta cika, ta tumbatsa zuwa Mamobi. Hausawa, da Zabarmawa, da Kotokoli, da Mosawa, da Dagombawa, da Frafra, da Fulani, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, duka suka haɗu a kan harshe guda na kasuwa, shi ne Hausa.

A bakin teku ne zare ya sauya hannu. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, jiragen kuma suka riƙa sauke yadin Manchesta da atamfar Holan. Ɗan bafatake ya ga ya fi masa sauƙi ya sayi bandir a kanti ya yanka ya sayar, da a ce ya jira a kaɗa a saƙa. Bayan 'yanci gwamnati da 'yan kasuwa suka kafa masana'antun tufa, GTP a Tema a 1966, ta Akosombo a 1967, ta Juapong a 1968. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka yi asarar 'yan kasuwa da masu sana'a da yawa, waɗansu ma a Gana aka haife su. Daga baya gwanjo ya zo ya rufe kowa. An ƙiyasta tufafi wajen miliyan 15 suke shiga kasuwar Kantamanto ta Akra kowane mako, kafin gobarar da ta cinye yawancin kasuwar a farkon Janairu 2025. Sana'ar allura ba ta mutu a Nima ba. Teloli da masu surfani da masu ɗinkin hula suna nan ko'ina. Amma da wuya ka bi lungu ka ji ƙarar ƙoshiya.

Akwai wani dalili kuma da masu tarihi ba su cika ambata ba, a ganina kuwa ya isa a ambata, shi ne fili. Masaƙar maza tana bukatar wuri mai tsawo. Masaƙi yakan zauna a rumfarsa, ƙafafunsa a kan mataki, andira da matsefi a gabansa, zaren wadari ya miƙe yadi goma ko fiye zuwa inda aka ɗaure shi a kan kunkuru, watau ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse, wanda yake jawowa sannu sannu yayin da saƙa ke ci gaba. Yin wadarin kansa yana bukatar fili da turaku. A ƙauyen Kano ko a Daboya wannan ba wani abu ba ne. A Nima, inda iyali guda ke kwana a ɗaki guda, tsakar gida kuma ta masu girki ce da masu wanki da yara, ina kunkuru zai ja jiki? Masaƙar mata ta tsaye, wadda ake jingina wa bango a saƙa gwado, ba ta cin wuri haka, amma tana cin zare mai yawa, tana kuma bukatar uwa ko kaka da ta iya, wadda za ta zauna kusa da mai koyo wata da watanni. Inda aka tsallake tsara guda ba a koya ba, sai a nemi malamar a rasa.

Wannan ya kawo mu ga wata irin saƙa wadda masaƙarta takan shiga aljihu. Turawa suna kiranta da sunan 'yan allunan da ake yinta da su, mu kuwa bari mu ce da ita saƙar kati. Ya kamata a faɗa tun da wuri, kakanninmu na Kano da Salaga ba da ita suka yi suna ba. Baƙuwa ce a zango. Amma zango garin baƙi ne, ita kuwa tsohuwa ce ƙwarai a duniya. An sami ɗamarar da aka saƙa ta wannan hanya a kabarin wani basarake a Hochdorf ta ƙasar Jamus, wanda aka binne fiye da shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. A Oseberg ta ƙasar Norwe, inda aka binne mata biyu cikin jirgin ruwa a shekara ta 834, masu tono sun tarar a 1904 da kati 52 na katako, da zarensu a jiki, saƙar ba a gama ba. A majami'ar Durham ta Ingila akwai kayan firist na ƙarni na 10 da aka samu cikin akwatin gawar Kutbat tsarkaka, da gefuna na saƙar kati. A ƙasar Bama, inda sojan Gwalkwas da na Nijeriya suka yi yaƙi, har barikin Akra ya ci sunanta, ana saƙa dogayen igiyoyi masu rubutu a jiki domin ɗaure littattafan addini. An san sana'ar a Masar da Maroko da Farisa.

Abin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi duka girma, a Habasha yake. A zamanin da Gondar take babban birni, wajen ƙarni na 18, an saƙa labulen alharini domin rufe wuri mafi tsarki a cikin majami'a. Tsawon irin wannan labule ya wuce mita biyar. Falle uku ake haɗawa, kowane falle kuwa ya bukaci kati fiye da 300 a lokaci guda. A jikinsa akwai siffofin masu sarauta da kambi, da firistoci riƙe da gicciye, da mala'iku, da masu tsaro. Masana sun ce ba a san wata saƙar kati da ta kai waɗannan girma ba a duniya. Ɗaya yana gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan, cikin kayan da sojan Ingila suka kwasa daga Magdala a 1868 bayan mutuwar Sarki Tewodros. Wani yana Toronto ta Kanada. Akwai kuma waɗanda suka rage a gidan sufaye na Abba Garima kusa da Adwa. Duk wanda ya taɓa juya kati goma ya ga yadda suke gardama, shi zai san abin da ake nufi da juya 300 na alharini ba tare da kuskure ba.

A Turai sana'ar ta kusa ɓacewa, har wata Bajamushiya, Margarethe Lehmann-Filhés, ta bi sawunta ta wurin nazarin kayan ƙasar Aisilan, ta gwada da hannunta har ta gane, ta buga littafi a kanta a 1901. Baturen Ingila Peter Collingwood ya buga nasa babban littafi a 1982, wanda masu koyo suke dogara gare shi har wa yau. Watau an taɓa ta da ita daga littafi da gwaji, ba malami a kusa. Wannan ne ya sa ta dace da mutumin da ba shi da kaka masaƙiya.

Ga yadda take. A sami kwali mai ƙarfi, ko tsofaffin katin wasa, a yanka murabba'i guda goma, kowanne kamar inci biyu da rabi zuwa uku. A huda rami huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, a ɗan zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su kama zare. Kowane rami zare guda yake ɗauka, kati goma ke nan zare arba'in. Zaren da ya fi dacewa da mai fara koyo shi ne na auduga mai santsi da ƙarfi, irin na saƙar kwarashi, launi biyu masu bambanci sosai, kamar fari da baƙi ko ja da rawaya. Ulu yana da gashi, yakan manne da juna, ya ɓata wa sabon hannu rai. A yanka kowane zare kamar yadi biyu. Abin da za a samu a ƙarshe ba zai kai haka ba, gama murɗiya da ƙulli sukan ci wani kashi.

Doka ta fari ita ce, zare huɗun da ke cikin kati guda dole su shiga ta fuska ɗaya, ko duka ta dama ko duka ta hagu. In uku suka shiga ta nan, ɗaya ta can, katin ba zai juya ba ko kaɗan. Amma kati da maƙwabcinsa suna iya bambanta, daga wannan bambanci ne ma zane yake fitowa, gama na dama yana karkata zarensa gefe guda, na hagu ɗaya gefen, in suka haɗu sai su yi kan kibiya. Bayan an zura duka, a jera katunan fuska da fuska kamar ana shirin rabon karta, a ƙulle bakin zaren biyu. Baki ɗaya a ɗaura wa ƙarfen taga ko ƙafar gado, ɗayan a ɗaura wa ɗamara a ƙugu. Jikin mai saƙa shi ne kunkurunsa. In ya ja baya zare ya miƙe, in ya matso ya saki.

Da zarar zare ya miƙe za a ga ya rabu biyu da kansa, na ramukan sama a sama, na ƙasa a ƙasa, da ƙofa a tsakani. A wuce da zaren kwance ta wannan ƙofa, wanda aka naɗe a kan ɗan katako ko kwali a maimakon ƙoshiya. Sa'an nan a kama katunan duka da hannu biyu a juya su rubu'i guda zuwa gaba. Ramukan da suke sama sun sauya, sabuwar ƙofa ta buɗe. A sa yatsa a share ta, a buga zaren da ya wuce da bakin rula ko bayan wuƙa, a sake wucewa, a sake juyawa. Aikin ke nan. Abin da ke faruwa shi ne kowane kati yana murɗa zarensa huɗu su zama igiya, zaren kwance kuma yana ɗinke igiyoyin goma gefe da gefe, shi kansa ba a ganinsa sai a baki. Saboda haka abin da ya fito ya fi ƙwaryar masaƙa kauri da ƙarfi nesa, ko da yake fāɗinsa bai wuce na turkudin Kura ba.

Wahalar mai koyo guda uku ce, ta ukun ce ta fi ba da haushi. Ta fari, zare ɗaya ya fi sauran sako-sako, sai zane ya karkace. Maganinta a taje zaren da yatsu a daidaita kafin a ƙulle. Ta biyu, gefe ya riƙa shiga yana fita kamar tafiyar maciji, domin wani lokaci an ja zaren kwance da ƙarfi, wani lokaci an sake. Wannan hannu ne yake koya, ba a gajarce masa hanya, ɗamarar fari ta kowa haka take. Ta uku ita ce murɗiya. Duk juyin da aka yi a gaba, kishiyarsa tana taruwa a bayan katunan, har zare ya ƙulle ya ƙi motsi. Sai a koma juyawa baya. Zanen zai juya kamar an sa masa madubi, murɗiyar kuma ta warware. Masu saƙa sun mai da wannan tilas ta zama ado: juyi huɗu gaba, huɗu baya, sai kan kibiya biyu su haɗu su zama ido. Amma dole a riƙa ƙirga. Wanda aka yi wa sallama yana tsakiyar ƙirga, ya amsa ya manta, zai ga shaidar a jikin ɗamara. Saboda wannan ake shafa wa gefe ɗaya na kowane kati launi, domin in launin ya dawo sama a san huɗu sun cika.

Me za a yi da abin da aka saƙa? Ɗamara, da hannun jaka, da maratayin garaya ko jita, da igiyar makulli, da alamar shafi a littafi, da gefen wuyan fugu ko na rigar yaro. Tela mai basira a Mamobi zai san inda zai sa shi. Amma kada a ruɗi kowa da zancen arziki. Ribin da inji ya saƙa yana nan a Makola da kasuwar Nima ta ran Laraba, yadi da yawa a kan kuɗi kaɗan, mai kati kuwa zai yi yini bai gama yadi biyu ba. Wanda ya shiga don kuɗi zai fita da wuri. Ribar da na gani ta wani waje ce. Kayan aikin ba su fi kuɗin ƙwallon zare biyu ba. Ba a gāji wata doka a kanta ba cewa ta maza ce ko ta mata, alhali masaƙar kente da ta ƙwarya an daɗe ana ɗaukarsu aikin maza. Yaro ɗan shekara goma zai iya, tsohuwar da idonta bai ƙara ganin ramin allura ba za ta iya. Ƙungiyar zumuntar mata ko ta matasa tana iya koyar da mutum goma a baranda guda, kowa ya ɗaura zarensa a ƙarfen taga.

Wanda kuma ya saba da ita ya riga ya san abin da masaƙi ya sani: yadda ake wadari, yadda ƙofa take buɗewa, yadda ake kiyaye gefe, yadda ake ƙirga zane tun kafin a gan shi. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun gado na duniya, masaƙan Bonwire da Kpetoe da Agbozume kuma suna nan a bakin aiki, haka na Daboya. Yaron Nima da ya je wurinsu bayan ya yi shekara yana juya kati ba zai fara daga tambayar mene ne andira ba.

Abu guda ya rage, wanda ya shafi gidan haya musamman. In za a tashi daga saƙa, ko don girki ko don an kira, kada a ajiye katunan haka kawai. A zura tsinke ko doguwar allura ta ramukan sama na dukansu, ko a ɗaure su tam da igiya, sa'an nan a kwance daga ƙugu, a naɗe, a rataya a ƙusa inda hannun yara ba ya kai. Kati goma da suka zube suka juye, mai koyo zai iya yin awa guda bai mai da su yadda suke ba.